Yadda Ake Aurar da Mangwaro da Lemu a Lambun Gida a Zariya

Duk wanda ya binne ƙwallon mangwaro mai daɗi, ya yi ta ban ruwa yana kare shi daga awaki har shekara shida ko bakwai, sannan bishiyar ta tashi haihuwa ta ba shi ƙananan 'ya'ya masu zare da tsami, ya san abin da ya sa masu lambu suke aurar da bishiya. Ƙwallon yawancin mangwaron da ake yayi, irin su Juli da Kent da Alfonso, ba ya maimaita uwarsa, domin ɗan da ke cikinsa daga barbarar fure ya samu, kuma abin da zai gada ba a hannun mai lambu yake ba. Idan kuwa aka yanko reshe daga bishiyar da aka riga aka ɗanɗana 'ya'yanta, aka haɗa shi da gindin ƙaramar bishiya mai ƙarfin saiwa har suka manne, to, duk abin da ya tsiro daga wannan reshen zai haifi irin 'ya'yan uwarsa ba tare da canji ba, kuma zai fara haihuwa cikin shekara uku zuwa huɗu, saboda reshen ya fito ne daga bishiyar da ta riga ta balaga. Ta wannan hanya ce lemun zaƙin nan marar ƙwallo mai cibiya, wanda ake kira Washinton, ya bazu a duniya. Asalinsa daga Bahiya ta ƙasar Brazil yake, an kai shi Amurka a 1870, kuma tun da ba shi da ƙwallon da za a shuka, kowace bishiyarsa da ke raye a yau ta hannun mai aure ta biyo.

Aikin ba shi da tsada, ba ya kuma bukatar babban fili. Abin da yake bukata shi ne mutum ya fahimci abu ɗaya game da jikin bishiya. Tsakanin ɓawo da itacen ciki akwai wani siririn layi mai damshi da santsi, wanda masana suke kira kambiyam, kuma daga nan ne bishiya take ƙara kauri, daga nan ne kuma take warkar da rauni. Itacen tsakiya ba ya mannewa da wani itacen, ɓawon waje ma haka. Aure yana kamawa ne kawai idan wannan layin na reshe ya zauna a kan ɗan'uwansa na gindi, aka ɗaure su ba motsi, aka hana su bushewa har su haɗe. Duk matakan da za su biyo baya, tun daga zaɓen wata har zuwa irin ledar da za a ɗaura, hidimar wannan haɗuwar suke yi.

Lokacin da ya dace a nan Zariya

A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Faransa, masu lambun gida suna aurar da tuffa da sauran itatuwansu a watannin Maris da Afrilu, lokacin da bishiya take farfaɗowa daga sanyi, kuma sukan yanke rassan tun cikin hunturu su ajiye a firiji har lokaci ya yi. Wanda ya ga haka a intanet ya ce zai bi kalandarsu a Zariya zai yi asarar rassansa. Maris da Afrilu a wajenmu tsakiyar bazara ce, zafin rana yakan haura digiri 35, iska a bushe take, kuma reshen da aka yanke yana iya yanƙwanewa kafin rauninsa ya fara warkewa. Ban da haka, mangwaro da lemu ba sa zubar da ganye su kwanta irin na tuffa, saboda haka reshensu ba ya jure doguwar ajiya.

Lokacinmu shi ne sa'ad da damina ta zauna, wato daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuli, lokacin da iska ta yi laushi, zafi ya sauka, ruwa ya hau jikin itatuwa suna ta fitar da sabon toho. Agusta wata ne na marka, kuma ruwan da yake kwana a kan ɗauri yana ruɓar da shi, don haka wanda ba shi da rumfar da za ta tare ruwan sama gara ya dakata. Akwai wata dama ta biyu a Satumba zuwa farkon Oktoba, amma auren da aka yi a lokacin zai shiga hunturu yana jariri, sai an dage da ban ruwa da kariya daga iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa, lokacin hazo da bushewar iska, ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya wahalar da kansa ba. A cikin yini ma akwai zaɓi: a yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, kuma kada a yi shi ana ruwa ko ganye yana jiƙe.

Renon gindi

Shekara guda kafin ranar aure ake fara aikin. Idan mangwaro ya nuna a bazara, a tara ƙwallayen mangwaron gargajiya mai zare, wanda ya saba da ƙasarmu da dogon raninmu. A wanke su, a shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu, sannan a tsaga kwasfar da almakashi a hankali a zaro ɗan da ke ciki, a yar da duk wanda ƙwaro ya huda ko ya yi baƙi. Ƙwallon mangwaro ba ya daɗewa da rai, cikin 'yan makonni ƙarfin tsirowarsa yake raguwa, saboda haka a shuka shi nan da nan. A samu baƙar ledar reno mai zurfin kimanin santimita 30, a huda ƙasanta, a cika ta da ƙasar sama da aka gauraya da yashi da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, a guje shi. A kwantar da ƙwallon a gefensa, ƙusumbin yana sama, a rufe shi da ƙasa 'yar kaɗan. Cikin mako biyu zuwa uku zai tsiro.

Sau da yawa ƙwallon mangwaron gargajiya guda ɗaya yakan fitar da tsiro uku ko huɗu. A bar mafi ƙarfi da miƙewa, a cire sauran. Gindi ya isa aure idan kaurinsa ya kai na fensir a tsayin kamu ɗaya ko fiye daga ƙasa, kuma yawanci wanda aka shuka a wannan damina yana kai wa haka a farkon damina mai zuwa, matuƙar ba a bar shi da ƙishirwa a rani ba. Ana saura mako guda a yi aure, a riƙa ba shi ruwa sosai domin jikinsa ya cika.

Zaɓen reshe da kayan aiki

Lokacin da ya fi dacewa a zaɓi uwar da za a ɗebi reshenta shi ne lokacin da take ɗauke da 'ya'ya, domin ganye ba ya gaya wa mutum gaskiyar iri. Idan akwai Binta Suga ko Paparanda ko Pita a gidan maƙwabci ko a wani lambu na bakin Galma da ka sha ka ji daɗinsa, ka je ka ga bishiyar da idonka, ka duba yawan haihuwarta da lafiyar ganyenta, ka nemi izinin mai ita tun a lokacin. Da wuya mai lambu ya hana wanda ya yi masa sallama ya ce, “Baba, idan damina ta sauka ina roƙon reshe kaɗan daga wannan bishiyar.” Wanda yake son tabbataccen iri mai suna yana iya tambayar malaman gona a Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona da Kwalejin Aikin Gona da hukumar wayar da kan manoma ta NAERLS suke a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, su nuna masa inda zai nema.

Reshen da ake so shi ne na ƙarshen reshe, wanda ya yi wata uku zuwa huɗu da fitowa, ganyensa ya riga ya yi kore shar ya yi tauri, idon da ke kan tsininsa, wato inda sabon toho zai fito, ya kumbura amma bai fashe ba. Wanda ganyensa yake ja-ja da laushi bai ƙosa ba, wanda ɓawonsa ya yi toka-toka ya tsufa. Kaurinsa ya zo daidai da na gindin da za a ɗora shi a kai, tsawonsa santimita 10 zuwa 15.

Akwai wata dabara da take ƙara yawan auren da yake kamawa, amma masu gaggawa sukan tsallake ta. Ana saura kwana 7 zuwa 10, a je wurin uwar a datse ganyen rassan da aka zaɓa tun suna jikinta, a bar guntun mariƙin kowane ganye kamar santimita ɗaya. Idan aka dawo za a tarar guntayen sun yi rawaya, da an taɓa su da yatsa sai su faɗi, idon kuma ya ƙara kumbura ya shirya fashewa. Reshen da aka yi wa haka yana ɗauke da abincinsa, ba shi kuma da ganyen da zai zuƙe masa ruwa. Ranar aure a yanko shi da safe, a naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, a sa a leda a ajiye a inuwa, a yi amfani da shi a ranar. Idan tafiya ta kama, yana iya kwana ɗaya ko biyu a haka, amma kowace kwana tana rage masa ƙarfi.

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa ƙarama mai kaifin aska ko sabuwar reza, almakashin lambu, sifirit da auduga don goge bakin wuƙa, farar leda mai taushi da aka yanka tsiri-tsiri, faɗin kowanne kamar santimita 2, da ƙananan fararen ledoji irin na ƙulla ƙanƙara. Kaifin wuƙa ba abin wasa ba ne a nan. Wuƙa mai dakushi tana murje layin kambiyam maimakon ta yanke shi, kuma murjajjen wuri ba ya mannewa. A goge ta da sifirit duk lokacin da za a tashi daga wata bishiya zuwa wata, domin bakin wuƙa yana yawo da cuta. Ruwan da mangwaro yake tsiyayarwa idan an yanke shi yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, don haka a wanke hannu da sabulu bayan an gama, kada kuma a sosa ido.

Auren tsaga

A ganina wannan ne ya kamata mai koyo ya fara da shi, domin idonsa yana ganin inda ɓawo ya haɗu da ɓawo. A datse kan gindin a tsayin santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa, a wurin da jikinsa bai gama yin tauri ba, a bar ganyen da ke ƙasa da yankan, domin su ne za su ci gaba da ciyar da saiwa har reshen ya fitar da nasa. Sannan a ɗora wuƙa a tsakiyar kan da aka datse a tsaga shi zuwa ƙasa santimita 3 zuwa 4. A riƙa danna wuƙar a hankali ana ɗan karkaɗa ta, domin idan aka danna da ƙarfi tsagar takan zarce inda ake so, ko wuƙar ta zame ta sami yatsa.

Sai a ɗauki reshen a fere ƙasansa ta gefe biyu, ya fito da siffar bakin gatari, tsawon fira ya yi daidai da zurfin tsaga. Nan ne hannu yake bambanta da hannu. Kowane gefe ana son a fere shi da jan wuƙa ɗaya, ko biyu idan ya zama dole, ya fito sumul a miƙe, ba tudu ba kwari, domin duk inda ya yi kwari iska za ta zauna a tsakani. Wanda bai saba ba ya ɗebo rassan banza ya yi ta gwaji a kansu kafin ya taɓa na gaske. Kada yatsa ya taɓa fuskar da aka fere, kada a ajiye ta a ƙasa, kada kuma a tsaya hira tana shan iska; tsakanin fira da sakawa bai kamata a yi minti guda ba.

A buɗe tsagar da bakin wuƙa a zura reshen har ya zauna. Idan kaurinsu ɗaya ne, ɓawo zai haɗu da ɓawo ta gefe biyu. Idan reshen ya fi siranta, kada a ajiye shi a tsakiya don ya yi kyawun gani, a matsar da shi gefe guda har ɓawonsa ya daidaita da na gindi a wannan gefen, domin haɗuwa ta gefe ɗaya ta wadatar, amma reshen da ya zauna a tsakiya bai taɓa komai mai rai ba. A shafa wurin da babban yatsa: idan ba a ji tsani tsakanin ɓawon biyu ba, ya zauna daidai.

Ɗauri yana farawa daga ƙasan tsaga ya hau sama, kowane zagaye yana hawa kan rabin na bayansa, yadda ruwan da ya gangaro ba zai sami ƙofa ba. A ja ledar ta ɗan miƙe domin ta matse sosai, ana riƙe da reshen da ɗaya hannun kada ya goce, a rufe kan gindin da aka datse gaba ɗaya, sannan a soke ƙarshen ledar a ƙarƙashin zagayen ƙarshe. Bayan haka a kifa ledar ƙanƙara a kan reshen ta sauko har ƙasan ɗaurin, a ɗaure bakinta sako-sako, a tabbata ba ta danne idon da ke sama ba. A rubuta sunan iri da kwanan wata a jikin ledar reno ko a guntun roba, domin bayan wata biyu duk dashen kamanninsu ɗaya.

Wanda yake tsoron datse kan gindi yana iya yin auren gefe. A nan ana fere gefen gindin ne santimita 4 zuwa 5, a bar ɗan leɓe a ƙasa, a fere gefe ɗaya na reshen daidai wannan tsawon, a yi masa 'yar gajeriyar fira a bayansa ta ƙasa, a zaunar da shi a kan leɓen a ɗaure. Kan gindin yana nan har sai reshen ya tsiro, sannan a datse shi. Amfaninsa shi ne idan bai kama ba, gindin bai yi asarar komai ba, ana iya sake gwadawa a ɗaya gefen.

Makonnin da suke biyo baya

Yawancin auren da yake lalacewa a hannun masu lambun gida a wannan tsakanin yake lalacewa, bayan an yi yanka mai kyau an yi ɗauri mai kyau. A ajiye dashen a inuwa mai haske, ƙarƙashin bishiya ko rumfar zana, domin farar leda a tsakar rana tana dafa abin da ke cikinta. Washegari za a ga raɓa ta taru a cikin ledar, wannan alama ce mai kyau, amma idan ruwa ya taru har yana kwanciya a kan ɗauri, a kwance a zazzage a mayar. A riƙa zuba ruwa a ƙasar leda kawai, ba a kan ɗauri ba, kuma gwargwado, tun da dashen da aka rage wa ganye ba ya shan ruwa kamar da. A hana yara da kaji da awaki kaiwa gare shi, kuma mai lambun kansa ya daure kada ya riƙa jijjiga reshen don ya ji ko ya kama.

Tsakanin mako biyu zuwa huɗu amsa take fitowa. Reshen da ya mutu yakan yi baƙi daga sama ya yanƙwane. Wanda ya kama yana nan kore, sai wata safiya a ga idon ya fashe, ƙananan ganye masu launin jan ƙarfe sun leƙo suna lanƙwashe a jikin leda. Kada a cire ledar gaba ɗaya a ranar. A fara yage samanta ko a kwance bakinta na kwana biyu zuwa uku domin ganyen ya saba da iskar waje, sannan a cire ta da yamma. Ɗaurin tsaga kuwa yana nan har wata biyu zuwa uku, sai an ga wurin ya cike ya yi tabo, sannan a tsaga ledar da reza ta bayan ɗaurin. Idan aka manta da ita, bishiya za ta yi kauri ledar ta shaƙe ta, wurin ya zama mai saurin karyewa.

Abin da ya fi bukatar sa ido shi ne tohon da gindi yake fitarwa a ƙasa da wurin aure. Gindi yana da saiwarsa, kuma ya fi son ya ciyar da nasa tohon a kan baƙon da aka ɗora masa. Duk tohon da ya fito a ƙasan tabo a murje shi da yatsa tun yana ƙarami, a kuma riƙa dubawa kowane mako. Akwai gidaje da yawa da aka sayi mangwaro mai aure na gaske, amma tohon gindi ya tashi ya rinjayi reshen har ya kashe shi, bayan shekaru bishiya ta haifi mai zare, mai gida yana ganin an cuce shi ne a wurin saye. Mai saye ma ya kamata ya duƙa ya nemi tabon auren da idonsa kafin ya biya kuɗi, ya kuma tambayi sunan iri da bishiyar da aka ɗebo reshen.

Lemu da auren ido

Lemu ya fi karɓar auren ido, inda ake ɗaukar ido guda ɗaya da ɗan ɓawonsa maimakon reshe sukutum. Zaɓen gindi a nan yana da nauyi. A da lemu mai ɗaci ne gindin da aka fi amfani da shi a duniya, sai cutar tiristeza, wadda ƙananan ƙwari masu tsotsar toho suke yaɗawa, ta kashe miliyoyin bishiyoyin da aka ɗora a kansa a Ajantina da Brazil a shekarun 1930 da 1940. Shi ya sa masana, har da na cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa NIHORT da ke Ibadan, suka karkata ga wasu gindin irin su lemun nan mai kaushin ɓawo da tanjarin Kiliyofatara. Cututtukan lemu da dama suna bin ido su shiga sabuwar bishiya, don haka kada a ɗebi ido daga uwar da ganyenta ya yi rawaya ko rassanta suke bushewa, komai daɗin 'ya'yanta.

Kafin a fara, a gwada gindin: a ɗan tsaga ɓawon a ɗaga shi da farce. Idan ya ɗago cikin sauƙi, cikinsa yana sheƙi da damshi, lokaci ya yi. Idan ya manne yana yagewa, a ƙara ban ruwa a jira mako guda. Reshen da za a ɗebi ido a jikinsa ya zama wanda ya riga ya mulmule, domin sabon tohon lemu yana da kusurwa-kusurwa kuma bai ƙosa ba. A datse ganyensa a bar guntun mariƙi, wanda zai zama abin riƙewa.

A zaɓi wuri mai santsi a jikin gindi, santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa. Wannan tsayin yana da dalili: ruwan sama yana fantsamo ƙasa a jikin bishiya, ƙasar kuma tana ɗauke da cutar da take sa gindin lemu tsiyayar ƙaro yana ruɓewa, lemun zaƙi kuma ba ya jure ta kamar gindin da aka zaɓa. A tsaga ɓawon a tsaye kamar santimita 3, a yi wata gajeriyar tsaga a kwance a ƙasanta, ɓawo kawai ba tare da an shiga itace ba. Sa tsagar kwance a ƙasa ya fi dacewa da damina, domin ruwa ba ya samun wurin taruwa. Sannan a yanko idon da jan wuƙa ɗaya, ya fito da ɗan ɓawo mai tsawon santimita 2 zuwa 2.5 da siririn itace a bayansa. A ɗaga leɓɓan ɓawon gindi, a tura idon daga ƙasa zuwa sama har ya shige duka, a kula kada a juya shi, wato idon ya kasance a saman guntun mariƙi kamar yadda yake a jikin uwarsa. A ɗaure da leda daga ƙasa zuwa sama.

Bayan mako uku a kwance. Idan ɓawon idon yana nan kore, guntun mariƙin kuma ya faɗi da kansa ko da an taɓa shi, ya kama. Amma ido ba zai tashi ba matuƙar kan gindi yana girma, saboda haka a datse gindin kaɗan a saman idon, ko a karya shi rabi a lanƙwasa shi gefe ganyensa ya ci gaba da ciyar da saiwa, a ƙarasa yanke shi bayan tohon ya yi tsawo. A kafa sanda a ɗaure sabon tohon a jiki, domin iskar hadari tana ɓalle shi cikin sauƙi a watanninsa na farko.

Tsohuwar bishiya da sauran itatuwa

Wanda yake da babban mangwaro marar daɗi a tsakar gida ba sai ya sare shi ba. A ƙarshen rani a datse manyan rassansa, a bar ɗaya ko biyu su ci gaba da ciyar da bishiyar, a shafa wa jikinta farar ƙasa saboda ƙunar rana. Idan damina ta sauka za ta fitar da toho da yawa, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a kowane reshe, idan sun kai kaurin fensir a yi musu auren tsaga, a cire sauran. Da yake saiwar babba ce, irin wannan yakan fara haihuwa cikin shekara biyu zuwa uku, kuma ana iya ɗora iri biyu ko uku a bishiya guda, kowane reshe ya haifi nasa ba tare da ɗanɗanonsu ya gauraya ba.

Yazawa tana karɓar auren tsaga tun tana ƙarama, kamar wata biyu da tsirowa, a sashenta mai laushi na sama, a bar ganye biyu zuwa huɗu a ƙasa. Magaryar daji gindi ce mai jure fari sosai, kuma a kanta ake ɗora manyan nau'o'in Indiya irin su Gola, waɗanda cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa ICRISAT ta yaɗa a Jamhuriyar Nijar da sunan tuffan Sahel. Gwaiba ta fi wuyar kamawa, ba da ita ake fara koyo ba. Dabino ba ya auruwa sam, domin jikinsa ba shi da wannan layin na ƙarƙashin ɓawo, sai dai a cire 'ya'yan da suke fitowa a gindinsa a dasa. Haka kuma aure yana yiwuwa ne tsakanin dangi na kusa: mangwaro a kan mangwaro, nau'o'in lemu a tsakaninsu, amma lemu ba ya zama a kan mangwaro ko gwaiba.

Dasawa a gurbinsa

Dashen ya isa fita daga leda idan ya yi toho sau biyu ganyen ya yi tauri. A riƙa fito da shi rana kaɗan-kaɗan na mako biyu kafin a dasa. Yuni da Yuli ne suka fi dacewa, domin ya sami sauran damina ya kafa saiwa, don haka wanda aka aurar a Yuli ko Satumba gara ya zauna a ledarsa har damina mai zuwa. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar, a yage ledar ba tare da ƙasar ta warwatse ba, a dasa shi daidai zurfin da yake a cikin leda, tabon aure yana sama da ƙasa sosai. Tsakanin mangwaro da mangwaro a bar kimanin mita 10, tsakanin lemu da lemu mita 6 zuwa 7, a kuma nisanta mangwaro daga katanga da rijiya.

Ruwan da Zariya take samu, kimanin milimita 1,000 a shekara, yana sauka ne cikin wata biyar zuwa shida, saboda haka ranin farko da na biyu sai da ban ruwa, sau biyu ko uku a mako, ruwa mai yawa da zai ratsa ƙasa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye don riƙe damshi, amma kada ta taɓa jikin bishiyar, saboda gara. A kewaye dashen da ƙaya ko waya tun ranar da aka dasa shi. Idan ya fitar da fure a shekarar farko ko ta biyu, wanda bishiya mai aure takan yi tun tana ƙarama, a tsinke furen domin ƙarfinta ya tafi ga saiwa da rassa, a bar ta ta riƙe 'ya'ya kaɗan a shekara ta uku, a ƙara mata a ta huɗu gwargwadon kaurin rassanta.